Rezo a Ɗakin Garka

Shekarar da nake aji biyu a kwaleji, likita ya ce tarin Baba mai yaɗuwa ne, a raba shi da ƙannena. Sai aka share masa ɗakin garkarmu da ke hanyar tafki, inda muke ajiye injin ban-ruwa da buhunan albasa. Ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano da taga ɗaya. Ni ce mai kai masa fura idan na taso daga lakwal, wato makaranta. Nakan ajiye kwanon a bakin ƙofa, in zauna nesa kaɗan har ya sha.

Yayanmu, ɗan farin Baba, yana Aljeriya shekara huɗu. Ya tafi ba da izinin Baba ba, bayan sun yi faɗa a cikin garkar nan. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, don kunyar ɗan fari, bai kuma taɓa cewa yana son ganinsa ba. Kullum dai yakan tambaye ni, "Rezon ya samu?" Kowa a gida ya san abin da yake nufi: rezo, wato sabis ɗin waya, da zai sa ya ga Yaya ta kiran bidiyo. Inna ta ce a ɗauki muryarsa a aika wa Yaya, ya ƙi. Ya ce irin wannan magana sai da ido. A cikin gari ana samun rezo, amma Baba ba ya iya hawa ko amalanke.

Kawu, ƙanen Inna, ya sayo na'urar wifi daga Maradi, ya zo da wani mai gyaran salula, wato wayar hannu, daga kasuwa. Suka haɗa ta da batirin garka, suka ɗora a taga. Fitilarta ja. Mai gyara ya ce kwano ne ke tare ta, a kafa gora a waje a ɗaura ta a kai. Suka kafa a arewacin ɗakin, wai ta fuskanci Maradi, tunda daga can abin yake fitowa. Fitilar takan yi kore, kafin a danna kira ta koma ja. Sau ɗaya kiran ya shiga, rabin fuskar Yaya ta fito ta tsaya cak, bakinsa a buɗe. Baba ya miƙo hannu, hoton ya ɓace.

"Malam, na'urar taka azumi take?" in ji Kawu.

"Alhaji, mangwaron ga ne ya tare mata hanya. Ko kai aka rufe da ganye haka ba ka jin kira."

Washegari suka sare rassan mangwaron da Baba ya dasa tun kafin a haife ni. Daga inda yake kwance yana jin saran gatari. Fitilar ba ta canja ba.

Ni kuwa na san inda rezon yake. Inna takan ba ni salularta in taho da ita, ina ƙulle ta a gefen zane. Duk sa'ad da na je wanke kwano a rijiyar da ke kudancin garka, da na hau tudun ƙasar da aka haƙo, sai saƙonni su yi ta shigowa a jere. Na duba sau da yawa: sanda uku a saman salula, wani lokaci huɗu. Taki biyu daga tudun, babu ko ɗaya.

Ranar da suka sare mangwaron na matso kusa da su da kwanona. Maza uku ne, har da maƙwabcinmu na garka, suna gardama. Kawu ya waiwayo.

"Mi ne ne, ƴar lakwal? Ke ma kin zo ki koya mana?"

Suka yi dariya. Na ce, "Ba komi, Kawu." Na tafi rijiya, salula na ta motsi a zanena.

Kwana tara na yi da maganar a bakina. Na yi ta ganin kamar manya sun riga sun sani, akwai dalilin da ya hana. A cikin kwanakin nan Baba ya daina shanye furar, sannan ya daina zama, tambayar ma ta koma ɗaga gira.

Inna na faɗa wa, tana cikin daka. Ta tsayar da taɓarya.

"Tun yaushe kika sani?"

Ta yafa mayafi, ta ja hannuna har garka, ta sa aka kira Kawu. Ya tsaya a kan tudun da salularsa, ya daɗe yana kallonta. Bai yi mini faɗa ba, ni kuwa na so ya yi. Kafin la'asar an tumɓuke gorar an kafa ta a bakin rijiya, an ja waya doguwa daga batir. Fitilar ta yi kore ta zauna, rezon ya kai har shimfiɗar Baba.

Kawu ya rufe hancinsa da rawani, ya shiga ya riƙe masa salula. Daga bakin ƙofa na ga fuskar Yaya tar, har tabon goshinsa. Yana kuka.

"Baba, ka yafe mini. Baba, kana ji na?"

Baba ya daɗe yana kallonsa. Leɓensa na motsi, iska kawai ke fita. Kawu ya kai kunne kusa, ya ɗago ya ce wa Yaya, "Ya ce ya yafe." Ni na fi kowa sanin bakin Baba a kwanakin nan. Maganar da ya yi ta fi haka tsawo, kuma babu wanda ya ji ta.

Baba ya rasu ranar Laraba da hantsi. A bakin ƙofar ɗakin aka jingine salular, Yaya ya ga fitowar makara.