Ni da Sukkar a ƙarƙashin rumfa

Har jiya babu wanda ya san ina karanta wa saniyarmu littattafan soyayya.

Sukkar ce sunanta. Tun da ta haihu a zaribarmu, wato garken shanunmu da ke unguwar Hilla Kuku, watanni suka shuɗe ba ta nemi barbara ba. Baba ya ce in haka ne, sai kasuwa.

Jiya daktora, likitar dabbobi, ta zo duba ta. Ta kalli zafin rana, ta kalli janaretan maƙwabta da ke ruri a kunnen Sukkar, ta ce tsoro da takura suna tayar da wani sinadari a jinin saniya, shi ke jinkirta dawowar sha'awarta da ɗaukar ciki.

Baba ya yi dariya. "Saniya ma da damuwa? Miji ne ya yi mata yaji?"

Daktora ta ce, "Ya Haj, da gaske nake. A hannun wa take sakin jiki?"

Ya nuna ni. "Wannan mai kunyar. Ban san me take ba ta ba."

Na sunkuyar da kai, na kira shi yadda muke kiran uba a nan. "Yaba... labarin soyayya nake karanta mata. Sai ta lumshe ido tana tuƙa."

Na jira faɗa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan, an fasa kasuwa tukuna. Mu mayar da ita can bayan gidanmu, inda babu ƙara. Amma ki zaɓo mata littafin da ake aure a ƙarshensa."

Ashe Baba ma yana da taushin zuciya. Don Allah ku sa Sukkar a addu'a. Ku kuma, wa kuke faɗa wa sirrinku?