Kan Inji a Kwanon Tuwo

Ranar kasuwar Filinge, a bayan rumfar masu gyaran amalanke, wani dattijo yana zaune ya ba hanya baya. Ban san sunansa ba. Tsakanin ƙafafunsa akwai kwanon tuwo, amma abin da ke ciki kan injin tsohon moto ne, wato babur, irin wanda aka daina kawowa tun ina yaro.

Yana kankare baƙin hayaƙi da guntun zarto, a hankali, kada ƙarfen ya yi ƙara. Ya mai da supap biyu, ƙarafan nan masu kama da ƙusa mai faɗin kai, bakin ramukan da suke toshewa, ya kifa kan, ya zuba esansi, wato fetur, ya zuba ido ya ga ko zai ɗiga. Sai dai idonsa ba ya zama wuri ɗaya.

Tun da aka hana hawan moto a ƙasar nan, mai gyara tsoro biyu gare shi: soja su tambaye shi na wane ne, ko mutanen daji su aiko ya gyara nasu. Wataƙila kan injin nan na dattijon ne. Wataƙila wanda ya kawo ba a ce masa a'a.

Motar soja ta ɓullo. Ya jawo faifai ya rufe kwanon, kamar mai jiran tuwo ya huce.

Da ta wuce na ce, "Baba, ya yi?"

"Bai ɗiga ba," ya ce, ko dubana bai yi ba. "Amma ba ni tada shi. Rabon da mu ji kukan moto garinmu, tun randa mutanen daji sunka shigo bisa moto, munka bizne mutum tara."