Ɗan Akuya a Cikin Langa

Ni Tabawa ban shiga aji ba, Malama Rifkatu ta zumuntar mata ke rubuta mini wannan. Amma shekara arba'in ina karɓar haihuwar awaki a ƙauyenmu, babu wanda ya koya mini sai uwata. Bana awakina uku suka yi ɓari a wata guda, ga surukata Ladi da cikin wata shida, sai zazzaɓi take yi. Shi ya tashe ni.

Daga Gida zuwa Shika

Ran Talata ƙarfe biyar da rabi na asuba na fito. Ɗan akuyar da aka ɓarar na naɗe shi a tsumma, na sa a langa, na ɗaure da ɗankwali. Tafiyar mil biyu na yi a ƙasa kafin na sami a-kori-kurar masu tumatir. Direba ya dubi langar ya ce, "Iya, ba a tayi ne?" Na ce, "Ɗana, wannan ba cimarka ba ce."

Kafin Shika akwai shingen 'yan sanda. Wani dogo ya ce sai na buɗe. Na buɗe masa. Ya leƙa, ya rufe da kansa, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Mama." Har muka shiga Shika masu tumatir suna dariya.

Samaru

Bas ya sauke ni ƙarfe takwas saura. Na sha koko da ƙosai a bakin titi, sannan ɗan acaɓa ya kai ni asibitin dabbobi. Likitar mace ce, ba ta kai Ladi shekaru ba. Da na kwance ɗankwali sai ta ce, "Kaka, dakata!" Ta sa safar hannu, ta rufe hanci, kafin ta taɓa abin da na rungumo tun daga gida.

Ta ce sai sun gwada, amma tana zargin wani ciwo, zazzaɓin Kiyu. Na ce awakina ƙoshinsu ƙalau, gashi na sheƙi. Ta ce ai haka yake. In suka zaga ƙauyuka ɗibar jini, da wuya su dawo ba su same shi ba, a awaki da tumaki har shanu, kuma yawancinsu suna kiwonsu lafiya. Sai ran haihuwa yake fitowa, ya kama mutum.

"Ina kike kai mabiyiya?" ta tambaye ni.

Na gyara zama. Na ce a kan darni nake rataye ta ta bushe, kada kare ya ci nonon akuya ya ƙafe. Haka uwata ta yi.

"In ta bushe iska ke kwashe ƙwayar cutar, a shaƙa. Wa ke kwana kusa da darnin?"

Nan take na tuna. Tagar Ladi ce a wurin.

Sabon Gari

Sha biyu da rabi na iso kasuwa. Na sayi safar hannu ta roba da maganin wanke turke a shagon wani Ibo, shi da Turancinsa ni da Hausata, muka dai gane juna. Ƙanwata Saratu da ke Jushi ta ba ni tuwon masara miyar kuka, ta ce in kwana. Na ce akwai abin da zan sauke a gida kafin rana ta faɗi.

Komawa

Biyar na yamma na shiga gida. Ban ko sha ruwa ba na sa safar, na yayyafa wa darni ruwa, na sauke mabiyiyar awakin duka ukun, na haƙa rami mai zurfi bayan gona na binne. Maƙwabciyata Jummai ta leƙo ta ce, "Tabawa, yau kin zama nas?" Na ce, "Na zama. In akuyarki ta tashi haihuwa ki kira ni, amma ba rataya."

Ladi ta zo za ta kama mini, na ce ta tsaya can. Na mayar da ita ɗakina, na hana ta sharar turke da ɗanyen nono. Washegari mijinta ya kai ta asibiti a Shika da takardar da likita ta ba ni, aka ba ta magani. Bayan mako biyu saƙo ya zo daga Samaru cewa ciwon ne.

Jiya aka yi suna, mace ce, ga kuka kamar kakarta. Na gode wa Ubangiji da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa yarinyar nan likita. Darnin yana nan, zanen goyo ake shanyawa a kai.