Cizon Kansila da Fatawar da Na Ba Kaina

Assalamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Wani ya ce waya aka sace mani, wani ya bugo yana tambaya ko mutanen daji ne suka ɗauke ni.

Kyanwa ce ta kwantar da ni. Ku gama dariyar, sannan ku karanta.

Sunanta Kansila. Ni na raɗa mata, don ba ka ganinta sai tana da buƙata. Awon hatsi nake yi a kasuwar Ƙanƙara, na kawo ta ne saboda ɓerayen ɗakin ajiya.

Halinta ɗaya: in tana son a kula ta, sai ta ɗan kafa maka haƙori. Ni kuma da wayona, duk sanda ta cije ni sai in jefa mata kan kifi don ta ƙyale ni. Ashe albashi na yanka mata. Matata, Maman Ummi, ta sha cewa, "Malam, kai kake koya mata." Na ce ta bar harkar da ba ta karanta ba. Ni da aji biyu na sakandare na tsaya.

Wata rana ina latsa waya, ta zo tana goga jiki, na share ta. Sai ta kama ni a hannun dama, gindin babban yatsa. Huda biyu ƙanana, jini ɗigo ɗaya.

Maman Ummi ta kawo ruwa da sabulu. Nan na gyara zama na ba da fatawa. Na ce tun muna yara aka karantar da mu kyanwa ba najasa ba ce, ruwan da ta sha ana alwala da shi. Abin da bai ɓata alwala ba, ta yaya zai ɓata hannu? Na shafa toka na fita.

Washegari hannu ya yi suntum. Kwana na uku ranar kasuwa ce, na kasa riƙe tiya. Zazzaɓi ya rufe ni, wani jan layi ya kama hanyar hammata.

Kwana na huɗu aka kai ni asibiti a bayan mashin.

Likita ya ce, "Baba, me ya cije ka?" Na faɗa ƙasa-ƙasa, na haɗa mashi da bayanin alwala. Bai yi dariya ba. Wannan ne ya tsorata ni.

Ya ce, "Tsarki daban, ƙwayar cuta daban. Hannun za mu tsaga mu matse mugunya. Abin da nake tsoro ciwon haukan kare ne, kyanwa ma tana ɗauka. In ya bayyana ba shi da magani, kai kuma ka makaro. Za mu fara allura, amma a tsare kyanwar har kwana goma daga ranar cizon. In lafiyarta lau, ka tsira. Tana ina?"

Na dubi Maman Ummi. Ta sunkuyar da kai.

Ashe ranar kasuwa ta yi abin da kowa ke yi da kyanwar da ta gagara. Ta ɗaure ta a buhu ta ba Malam Idi, direban hatsi mai bin Faskari zuwa Sabuwa, ya yar da ita a daji. Muka yi ta kiran wayarshi, ba sabis. Wa za ka roƙa ya bi wannan hanyar neman kyanwa?

Aka tsaga hannu. Ƙarin ruwa, allura safe da yamma, wankin ciwo da sai an danne ni. Allurar haukan karen babu ita a nan, daga Funtuwa aka kawo ta cikin ƙanƙara. Masarar da na ɓoye don damina, ita ta tafi.

Ban iya komai ba sai jira.

Na ji an ce mai wannan ciwon ruwa yake tsoro. Don haka kullum sai in ce a miƙo mani kofi, in tsura mashi ido, in ga wa zai fara jin tsoron wani. Ɗiyata Ummi ta ce, "Baba, ka sha mana, ruwa ne fa." Na juya ga bango don kada ta ga idona.

Maman Ummi ta daina cin abinci. "Ni na yar da shaidarka, Malam." Na ce, "Ni na ƙi sabulunki."

Kwana na goma, kasuwa ta zagayo. Sai ga Malam Idi har bakin gadona, da buhu yana motsi.

"Alhaji, karɓi kayanka. Na ji tsoron Allah in yar da ita, na ajiye ta a gidana a Daudawa. Ta cinye mani kifi kaf, jiya kuma ta cije ni a ƙafa."

Ta leƙo, ta yi ƙiba abinta. Likita ya dube ta ya ce alhamdulillahi. Ban taɓa murnar ganin wanda ya cuce ni haka ba.

Na ce, "Malam Idi, ka wanke wurin?"

Ya ce, "Haba Alhaji, ai kyanwa ba najasa..."

Da hannun hagu na damƙe rigarshi na miƙa wa likita.

Yau ina riƙe tiya, sai dai babban yatsan bai gama lanƙwasuwa ba. Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan da suka jure ihuna, na gode wa Maman Ummi da ba ta taɓa cewa "ai na faɗa maka" ba, sai da ido.

'Yan'uwa, in dabba ta cije ku, ku wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ku tafi asibiti a ranar. Kada a yar da ita, a tsare ta. Kyanwa mai cizon neman kulawa kuma, in ta ciza ku tashi ku bar mata wurin, abinci sai ta natsu. An yi wa Kansila rigakafi, an kuma dakatar da albashinta.

Fatawa kuwa na bar wa malamai.