Riga Ɗaya, Aibu Uku

Gwaggona ta shekara ashirin tana zaɓen gwanjo kafin wani kamfani ya ɗauke ta aiki. Ana nuna mata hoton riga a kwamfuta, ta danna aibunta: yagewa, tabo, koɗewa, rashin maɓalli. Da haka wai na'urar kamfanin ke koyon gane aibu da kanta.

Samarin ofis ɗin aibu ɗaya suke dannawa su wuce, shi ya sa na'urar ta tashi doluwa, in ta ga yagewa ba ta ganin tabo. Gwaggo kuwa sai ta danna duka. Manaja, wani mai wuya kamar na zalɓe, ya ce ta cika nawa, ya ba ta sati ɗaya ta ƙara sauri ko ta kama gabanta.

"Ɗan nan, rigar da ta yage a hammata wallahi akwai tabon gumi," ta ce masa. "Aibu da 'yan rakiyarsa yake tafiya."

Ta matsa wa injiniyansu har ya jera mata aibun da ke zuwa tare kusa da juna a kwamfutar. Kafin satin ya cika ta fi samarin sauri, ba ta tsallake ko ɗaya. Manaja ya zaunar da su bayan kujerarta su koya.