Shahon Malam da Shaidar Oga Danjuma

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa. Mutanen Kado sun san shi da madubin hangen nesa a wuya, yana tsaye bayan kasuwar kifi ya ɗaga kai sama. Masu kifi har sun taɓa ɗaukarsa ɗan rahoton masu rusau, alhali bawan Allah tsuntsaye yake bi, shi da abokansa na ƙungiyar masu kallon tsuntsu.

Wata Asabar ya shigo gida ko takalmi bai cire ba. Ya ce ya ga wani shaho a kan turken wuta, toka-toka, ƙafafunsa ja wur, irin wanda bai taɓa jin an gani a Abuja ba. To, ƙungiyar tana da ƙa'ida: ganin mutum ɗaya ba ya zama shaida, sai wani ya ce shi ma ya gani. Wanda suke tare ranar amininsa ne, Oga Danjuma. Da aka tambaye shi a taro sai ya ce, "Ni dai shirwa na gani." Aka kwashe da dariya, aka laƙaba wa Malam "Mai Jar Ƙafa", kuma da sunan ya koma ga Allah. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, sai dai na ga ya daina fita ran Asabar. Wallahi abin yana cin raina har yau.

Bana wasu matasa suka ɗauko hoton shahon a Tungan Maje, nan yankin Abuja, da jar ƙafar nan tasa. Ba a jima ba sai ga Danjuma a ƙofata da ledar lemo, mutumin da tun sadakar arba'in ban sake ganin ƙeyarsa ba. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, ai ni da marigayi muka fara ganinsa." Wai in ba shi madubin Malam ya nuna a taron da ƙungiyar za ta yi na tunawa da marigayi.

Da Malam na raye, na san murmushi zai yi ya miƙa masa, don shi ba ya riƙo. Ni kuwa ba Malam ba ce. Na ce, "Oga Danjuma, yaushe shirwar taka ta yi jar ƙafa?" Ya tsura wa ledarsa ido.

Ko a wancan taron ya yi ƙarya, ko a ƙofata, shi ya sani. Abin da na sani, Malam bai taɓa faɗin abin da bai gani ba, kuma dariya ba ta sa ya janye abin da ya gani ba. Madubin yana nan rataye a ɗakina. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Malam ya ce shirwa ya gani, madubi ba zai ƙara masa ido ba.