Ranar da Muka Hura Wuta a Kan Ruwa

Shekarar da ƙanwata ta shiga jami'a tana karanta tarihi, gidanmu na Sheshe ya koma aji. Duk abin da aka ce ta yi bayaninsa a gaban malamai, sai ta fara gwada shi a kanmu a tsakar gida. Ni ina kan keken ɗinki, Baba yana kishingiɗe da rediyonsa, kakarmu Hajiya, mahaifiyar Baba, tana kan tabarma tana gyaran zogale.

Wata Asabar da damina, bayan an ɗauke ruwa, ƙanwata ta fito ta ce yau ƙarshen duniya za mu je. Can ƙasan Kudancin Amurka, inda ƙasa ta ƙare sai teku da sanyi, akwai wasu al'ummu biyu, Yahgan da Selk'nam.

"Su wa?" in ji Hajiya. "Salka?"

"Selk'nam, Hajiya."

"To, su Salka. Ina jin ki."

Ƙanwata ta ce Selk'nam mafarauta ne. Da kwari da baka suke bin wata dabba mai kama da ɗan raƙumi marar tozo, su ci naman, su yafa fatar. In za a shigar da samari cikin manya, maza kan shafe jikinsu da ja da fari da baƙi, su rufe fuska, su fito a matsayin aljanu don su tsorata mata.

Hajiya ta yi dariya har zogale ya zube. "Wallahi matan sun sani. Wace mace ce za ta kasa gane ƙafar mijinta don ya shafa farar ƙasa? Ƙyale su dai suka yi."

A kan Yahgan ne gardama ta tashi. Su rayuwarsu a kwalekwalen ɓawon itace take. Mata ke tuƙi, su ke nutso cikin ruwan sanyi su samo abinci, kowa ya shafe jikinsa da kitse. Kuma duk inda za su, akwai wuta tana ci a tsakiyar kwalekwalen.

Baba ya kashe rediyo. "Wuta a cikin ɓawon itace, a kan ruwa? Ke dai sake dubawa."

"Baba, laka suke shimfiɗawa tukuna, da tsakuwa."

"Ko da laka."

Hajiya ta dube shi. "Kai tun da na haife ka, yaushe ka taɓa hura wuta?" Ta juyo wajena. "Ke, ɗauko min tsohon akushin nan."

Na bar ɗinkin na ɗauko. Ƙanwata ta kwaso laka a gindin katanga, Hajiya ta shafe cikin akushin da ita da kauri, ta zuba tsakuwa, aka ɗora garwashi daga murhu. Babban bahonmu yana ƙarƙashin indararo cike da ruwan sama. Muka saka akushin a hankali. Ya zauna daram, hayaƙi yana tashi.

Baba ya zagaya bahon, ya ce ai teku tana da igiyar ruwa. Ya naɗe hannun riga ya shiga kaɗa ruwan. Akushi ya yi ta rawa bai nutse ba. Ya ƙara ƙarfi, ruwan ya fallatso masa har hula. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce lafiya kuke shewa? Hajiya ta ce lafiya lau, tafiya muke yi, ta ɗora masara a kan garwashin.

Muna cikin cin masarar Hajiya ta tambaya, "To yanzu suna nan?"

Ƙanwata ta ce Turawa sun je da tumaki, suka shinge ƙasar, suka karkashe Selk'nam, cututtukan da suka kai suka cinye mutane da yawa. Jikokinsu suna nan, suna neman harsunansu. Tsohuwa ta ƙarshe da ta tashi da harshen Yahgan a bakinta ta rasu ba da daɗewa ba.

Hajiya ta ajiye masararta. Can ta ce, "Allah sarki. Da wa take hira?"

Hajiya Bafulatana ce, aure ne ya kawo ta birni. Baba yana ɗan tsintar Fillanci, mu kuwa ko gaisuwa ba mu iya ba. Washegari na shiga gaishe ta, sai ta ce, "Jam waali." Na tsaya ina kallon ta. Ta maimaita har sai da na faɗa. Daga ranar ta daina yi mana Hausa kafin azahar. Da ta ce "ndiyam", na kawo mata tsintsiya, na kawo mafici, sannan Baba ya ce wataƙila ruwa take nufi. Ta karɓi kofin, ta ce ashe ɗan nata bai lalace duka ba.

Yanzu ina iya gaisuwa, ina iya ɗan faɗa. Ƙanwata ta fi ni nisa, har gulma suke yi da Hajiya a gabana. Baba kuwa ya koma fita da sassafe, ba ya dawowa sai an kira azahar.